Batiri na biyu ko lityum?

Jama'a, don Allah a taimaka, kaina ya kulle. A gida nake aiki, kuma kwamfuta, na'urar intanet da fanka, duka ba su wuce wat 200 ba. So nake su yi awa 5 in an ɗauke wuta. Batirina mai ruwa ne, 12V 100Ah. A takarda wat-awa 1200 ke nan, amma an ce kada in zuƙe fiye da rabi, kuma kafin awa 3 inbata, wato na'urar da ke mayar da wutar batiri irin ta gida, ta fara ƙarar gargaɗi.

In ƙaro na biyu ne, ko in koma batirin lityum gaba ɗaya? Sannan fankar gurnani take yi duk lokacin da take kan inbata. Laifin inbatar ne?