Shawarwarin masu gyara hanyar zamiya a dusar ƙanƙara

A Norway, dajin Marka da ke kewaye da Oslo yana da hanyoyin gudun zamiya (zamewa a kan dusar ƙanƙara da dogayen allunan da ake ɗaurawa a ƙafa) sama da kilomita 2,000, kuma sai an gyara su kafin a hau. Ga abin da masu wannan aiki suka fi nanatawa da suka tattauna.

Magana ta fi tsawo a kan lokaci. Kusan bakinsu ɗaya: a yi gyara da yamma ko da dare, lokacin da sanyi ke ƙaruwa, a bar dusar ta kwana ta haɗe jikinta. In aka hau ta nan take, ƙafa za ta nutse, aikin ya lalace. Dusa mai ruwa kuwa, idan ma'aunin zafi ya haura sifili, a ƙyale ta har ta fara daskarewa, in ba haka ba gobe sai a tarar da dunƙule-dunƙulen ƙanƙara masu kayar da mutum.

Dusar farko a danne ta da rola a bayan babur ɗin ƙanƙara, a hankali, don gudu yana barin tudu da kwari. Layuka biyun da ake tsagawa a dusar don mai zamiya ya sa ƙafa kada zurfinsu ya wuce santimita 5, kuma a shafe su a kwana mai kaifi ta gangara.

Wasu sun dage sai babbar motar gyaran dusa irin PistenBully. Ni na fi gamsuwa da waɗanda suka ce aikin rani, kafin dusa ta sauka, shi ne tushe: a cire duwatsu da kututture, a gyara magudanar ruwa, sai dusa kaɗan ta wadatar.