Yaran suna shiga da tahawilar juna, wace manhaja zan saya?

Hajiyar Aziziyya: Assalamu alaikum. Ofishinmu na kama wa masu Umra masauki ne, mutum 14 ke amsa waya, dawam biyu, wato aikin karɓa-karɓa kashi biyu. Kowa shiga yake da tahawilar ɗan'uwansa, wato lambar wayarsa ta cikin ofis, in baƙo ya kawo ƙara ba a san wanda ya amsa masa ba. Mudir, shugaban ofishin, ya ce a canza sintiral, wato na'urar da ke raba kira a ofis, kafin azumi. Ku ba ni shawara don Allah.

Ɗan Jarwal: Wa alaikumus salam Hajiya. Manhajar sintiral ta 3CX. Kowa ya ɗauki QR ɗinsa da wayarsa, ta ɗaure.

Injiniyan Jidda: Hajiya, kada ki fitar da ko riyal ɗaya tukuna. Ƙofa biyu ce mutane ke haɗawa. Ta farko ta waya ce: tana neman rajista wurin saba, wato kwamfutar sintiral, ta hanyar SIP (ƙa'idar kiran waya ta intanet), saba ta mayar mata da amsar 401, wato ta tabbatar da ko ita wace ce, haɗe da wata lamba ta wucin gadi, wayar ta cuɗa lambar da kalmar sirri ta aika. In bai dace ba, babu rajista. Ta biyu ta mutum ce, sunansa da kalmar sirrinsa shi kaɗai. Ku ta farko kawai kuke da ita, shi ya sa duk wanda ya zauna a kujera ya zama mai tahawilar.

Na ga illar sakaci da ƙofar farko da idona. Inda na taɓa aiki, wanda ya haɗa sintiral ya sa wa tahawila 101 kalmar sirri 101, ya kuma bar 5060, mashigar SIP, a buɗe ga duk duniya. Muka tashi ranar Alhamis, ba mu dawo ba sai Lahadi. Juma'a da Asabar cur wasu na buga ƙasashen waje da layinmu. Da fatura, takardar kuɗin kira, ta zo, mudir ya ɗora wa yaron da ke kan 101, yaro mai aika wa mahaifiyarsa kuɗi duk wata. Kuka yake yana rantsuwa. Kwana uku ina tonon bayanan saba kafin na nuna cewa rajistar daga adireshin wata ƙasa ta fito. An wanke shi, amma babu wanda ya ba shi haƙuri. Har yau abin na ci mini rai.

Hajiyar Aziziyya: Inna lillahi. Allah ya saka masa.

Ɗan Jarwal: Yaya, ai wannan Fail2ban, manhajar toshe masu kutse, kaɗai zai tare shi.

Injiniyan Jidda: Ƙanena, Fail2ban mai yawan kuskuren kalmar sirri yake kamawa. Wanda ya canka a bugun farko fa?

Mai Shago a Batha: Ni wayata ta yi rajista lafiya, amma ina jin mutum, shi ba ya ji na.

Ɗan Jarwal: Kashe saitin SIP ALG a rautarka, na'urar da ke raba intanet, Alhaji.

Baban Yara Madina: Mu manhajar VICIdial muke amfani da ita. Sai ka sa sunan waya da sirrinta, ka sa naka, sannan ta bugo wa tahawilar, ka ɗaga kafin a fara turo maka kira. Kyauta ce, sai dai ta fi dacewa da masu bugawa waje.

Injiniyan Jidda: Manhajar Cisco Finesse ma lambar ma'aikaci, kalmar sirri da tahawila take tambaya, in ba a yi wa tahawilar rajista ba ta ƙi.

Ɗan Jarwal: Cisco don mutum 14? Mutanen Jidda akwai son harkar girma.

Injiniyan Jidda: Ku da kuke zuwa mana cin kifi duk Alhamis?

Ƙanwar Kowa: Hajiya ana ɗaukar mata a ofishin naku? Ina jin Larabci sosai.

Baban Yara Madina: Ni dai duk wanda ya ajiye aiki a rufe sunansa ranar, kada a gada wa sabo.

Hajiyar Aziziyya: Ƙanwata ki same ni ta gefe. Injiniya, sintiral ɗin da muke da shi FreePBX ne, za ka iya leƙowa ranar Asabar bayan La'asar?