Sarƙar tayimin ta saki a injin 22R: ana ɗaure ta ko sai an kwance?

Nasiru:
Assalamu alaikum. Ina da Toyota Hilux ƙirar 1986, injin 22R mai kafireto, na daɗe ina lallaɓa ta don ba na son rabuwa da ita. Kwanan nan ta fara wata ƙara daga gaban inji, can bayan fanka, kamar ana jan sarƙa a kan kwano. Da farko da safe kawai take yi, in na tayar da ita tana sanyi: ta yi kwaram-kwaram na ɗan lokaci, da fitilar mai ta mutu sai ta yi shiru. Yanzu ko ta yi zafi ina jin ta ƙasa-ƙasa a silo, musamman in na taka totur na saki. Ƙarfinta bai ragu ba, ba ta shan ruwa, kalar baƙin mai ma lafiya lau. An ce mini sarƙar tayimin ce ta saki, wato sarƙar da ke haɗa kiranshaf na ƙasa da kamshaf na sama don bawul su riƙa buɗewa a kan lokaci. To akwai yadda za a ɗame ta ba tare da an kwance gaban inji ba? In kuma dole sai an buɗe, me da me zan canza?

Auwalu:
Wa alaikumus salam, Malam Nasiru. Babu wani noti da ake ɗaurewa a nan. Abin da ke ɗame sarƙar, wato tenshina, da matsin baƙin mai yake aiki, shi ya sa take ƙara kafin mai ya hau. Fara da juye mai, ka sa filta mai kyau wadda ba ta barin mai ya koma ƙasa idan mota ta kwana. In ba ta daina ba, a canza tenshina kawai.

Baba Iro:
Auwalu, ɗana, maganarka ta farko daidai ce, amma ta ƙarshen ban yarda da ita ba. Da a ce da safe kawai take yi, zan ce a gwada mai da filta. Tunda tana yi da zafi, abin ya wuce nan. Kuma tenshinar 22R a cikin murfin gaba take, ba ka kai hannu gare ta sai ka cire fanka, fulin kiranshaf, famfon mai da murfin kansa. Wanda ya sha wannan wahala ya mayar da tsohuwar sarƙa, zai sake buɗewa ba da jimawa ba.

Sarƙa in ta tsufa, 'yan ƙusoshin da ke haɗa gaɓoɓinta ne suke cinyewa, kowace gaɓa ta ƙara ɗan tsawo, har tenshina ta fito iya fitowarta ta kasa riƙewa. Haƙoran giyar sama da ta ƙasa su ma sun ci tare da ita, don haka sabuwar sarƙa a kan tsoffin haƙora ba ta daɗewa.

Abin da ya fi damuna da motarka shi ne shekararta. Daga 1983 Toyota ta koma sa sarƙa mai layi ɗaya da madogaran roba, waɗanda sarƙar ke jingina da su tana gudu, a wannan inji, a maimakon mai layi biyu ta da. Doguwar robar nan ta ɓangaren direba, a mota mai sitiyarin hagu, ita ke fara karyewa. Da ta karye sai sarƙa ta riƙa dukan murfin alminiyon tana sassaƙe shi, kuma hanyar ruwa tana nan bayansa. Ranar da ta huda, ruwan lagireto zai zube cikin baƙin mai, sai batun ya tashi daga sarƙa ya koma na kiranshaf da metal ɗin da yake juyawa a kansu. In kuma ta tsallake haƙora, bawul na iya haɗuwa da fistan.

Nasiru, cire murfin bawul, ka haska tocila ƙasa ta gefen giyar kamshaf. Duba ko robar tana nan cikakkiya, ka kuma duba jikin murfin ko akwai sabon zane mai ƙyalli. Kada ka yi doguwar tafiya da ita kafin ka duba.

Hadiza:
Akwai wani gwajin mai sauƙi da na yi wa tawa. Cire murfin distiributa, ka sa sifana a notin kiranshaf ka juya gaba har alamar fuli ta zo kan sifili. Sai ka juya baya a hankali, idonka a kan rota. Tazarar da fuli ya yi kafin rota ta motsa, ita ce sakin da ke tsakani. In ta doshi digiri 10, sarƙa ta gama aiki.

Nasiru:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, na buɗe na haska. Kan robar babu shi, ya karye, kuma ga layi biyu a jikin murfin suna ƙyalli, na sa farce na ji zurfinsu. Na ajiye motar. Dole ne sai an ɗaga kan silinda?

Baba Iro:
Madalla da ka ajiye ta. Littafin Toyota cewa ya yi a ɗaga kan, kuma in gasket ɗin ya tsufa ni ma haka zan ce. Ana yi ba tare da an ɗaga ba, amma sai da haƙuri, domin bakin gasket ɗin yana zaune a kan murfin gaba, in ya lanƙwashe mai zai riƙa yoyo. Akwai wani noti ɗaya da ya sauko daga kan silinda ya kama murfin, a gaban giyar kamshaf, kullum a nutse cikin mai. Goge wurin ka nemo shi, mutane da yawa sun fasa murfi suna ɓamɓara saboda ba su gan shi ba.

Sayi saiti cikakke: sarƙa, giya biyu, tenshina, madogarai, da sil na gaban kiranshaf. In ka samu madogara mai ƙarfe a bayanta, ita za ka ɗauka. Murfin kuma in zanen ya yi zurfi, canza shi.

Sannan ka sauke kaskon mai na ƙasa, wannan ba na sassauci a kai. Guntayen robar da ta karye suna can, kuma su ke toshe rariyar da famfo ke zuƙar mai. Wajen haɗawa, fistan na ɗaya yana sama, gaɓoɓin sarƙa masu haske su dace da alamun giya. Ka juya inji da hannu zagaye biyu ka tabbata babu inda ya cije, alamar fuli da ta kamshaf sun dawo daidai, sannan ka zuba sabon mai ka saita wuta.