Black Flag a PS3: me ya sa ake ta nutsar mini da jirgi?

Ɗan Zariya:
Salamu alaikum ƴan'uwa. Na soma Assassin's Creed IV: Black Flag, wasan ƴan fashin teku da Ubisoft ta fitar a 2013. Hawan rufin gidajen Habana da faɗan takobi ba su ba ni wuya ba, teku kuwa ta yi kyau har mutum ya manta da aikin da aka sa shi. Amma tun da Jackdaw, jirgin ruwan jarumin wasan, ya shigo hannuna, duk babban jirgin da na tara sai ya nutsar da ni. Ƙarfen gyara ma ba ya isa. Me ya kamata in fara sayowa?

Baban Hajara:
Wa alaikumus salam ƙanena. Fara da ƙarfafa jikin jirgi, sannan igwogin gefe. Adon filafili ya jira. Wahalar da kake sha kuma daga zaɓen abokin faɗa take. Ɗaga madubin hangen nesa kafin ka harba, zai nuna maka ƙarfin jirgin da kayan da ya ɗauko. Sukari da giya na sayarwa ne kawai, katako da ƙarfe su ne na gyara, kada ka sayar da su ko kuɗi sun yanke maka. Ƙarfe ya fi samuwa a jiragen da ake kira birik, sai dai karo suke kawowa da hanci, saboda haka kada ka ba su gefenka suna tahowa a miƙe.

Abin da sababbi ba su lura da shi ba: inda ka juya kyamara shi ke zaɓen makami. Ka dubi gaba, harsashi mai sarƙa ne, yana rage wa jirgi gudu. Ka dubi gefe, igwogi. Ka dubi baya, gangunan wuta ga mai bin ka. In ka ga abokan faɗa sun saki nasu harsasan, danne maɓallin murabba'i mutanenka su duƙa, ɓarnar za ta ragu sosai. Ka zauna arewa wajen Habana da Nasau tukuna, kudu sai jirgi ya yi ƙwari.

Mai Manet:
Gaskiyar Yaya ce. Ƙari ɗaya, in jirgi ya kama da wuta ya tsaya, daina harbi, matsa ka hau shi. In ka nutsar, rabin kaya kawai za ka tsinta. Ƙananan jirage mutum 5 ake kashewa a ci su, birik 10, kuma ƙaramar igwar nan mai juyawa tana rage maka aiki kafin ka yi tsalle. Bayan nasara za ka zaɓa: gyaran Jackdaw, ko rage neman da ake maka. In kana tsakiyar faɗa da jirage biyu, hau ɗaya ka yi gyara da shi, ka dawo wa na biyun da lafiyarka.

Ni abin da ban yaba ba shi ne ayyukan bin mutum a ɓoye ana sauraron hira, sun yi yawa. Bi ta rufi ko cikin ciyawa, ka sa musu idon mikiya, wato ganin musamman na jarumin wasan, tun farko don ka riƙa ganinsu ta bayan bango.

Ɗan Zariya:
Madalla. Guguwa fa? Igiyar ruwan nan mai tsawo tana cinye mini rabin jirgi.

Baban Hajara:
Juya hancin jirgi ka fuskance ta kai tsaye, ka danne maɓallin duƙawa. Ta gefe take kashewa. Sannan ka kula da na'urarka: wasan yana sa PS3 zafi, ga ƙurar Maradi. Ɗaga ta daga kan tabarma, ka busa ramukan iska. Wasan da kansa yake ajiye inda ka kai, to in ana yawan ɗauke wuta a unguwarku, kwafi ajiyar a kile, wato filashin USB, lokaci-lokaci, don in wuta ta tafi yana cikin rubutawa fayil ɗin na iya lalacewa.