Baƙin tabo a diddigen Baba: wa ya taɓa shiga wannan?

Ɗan Bagalam: Assalamu alaikum ƴan'uwa. Mahaifinmu ya kusa shekara biyu da wani baƙin tabo a diddigen hagu. Manomi ne, muka ɗauka ƙaya ce ta karye a ciki, ko kaushi. Tun daminar bara abin ya fara faɗi, bakinsa a karkace kamar tawada ta zube a zane, nan baƙi ƙirin can ja-ja, yanzu har jini yake bari a takalmi. An yanki kaɗan an aika Yamai, sakamako ya dawo: melanoma, wato dajin fata. Likita ya ce a yi aiki da wuri, kuma zai duba kaluluwar matsematsi. To gida ya rabu biyu. Inna da kawunnanmu sun ce daji ba ya son ƙarfe, da wuƙa ta taɓa shi sai ya watsu. Ƙanena kuma ya ce ya gani a waya akwai ƙarin ruwa na zamani mai kashe shi ba yanka. Don Allah wanda ya gani da idonsa nake son ji, ba mai "an ce" ba.

Maman Biyu, unguwar Zariya, Maraɗi: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya. Na mahaifiyata a ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafa ya fito, wani baƙin layi kamar an ja da gawayi. Muka ce turmi ne ya faɗa mata. Wanzami ya cire farcen, sabo ya tsiro da layinsa, har baƙin ya haura kan fata. Ranar da aka ce za a cire yatsan gaba ɗaya na yi kuka kamar an yi mani mutuwa. Ita ce ma ta ba ni haƙuri, wai saura tara sun ishe ta zuwa masallaci. Bana shekara biyar ke nan, jiya ma da ƙafarta ta je suna Tibiri. Silifa mai tsinke kawai ta daina sawa.

Malamar jinya: Ɗan'uwa, maganar kawunnanka na ji ta ya fi a ƙirga, kuma na san inda ta samo asali. Mutanenmu sai sun gama da wanzami, sakiya, shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, ciwo ya riga ya kai huhu ko hanta, sannan a kawo shi. A yi aiki, bayan wata biyu ya rasu, sai a ce wuƙa ce. Wuƙa ba ta kai shi ko'ina ba, can ta iske shi.

Ka buɗe takardar da ta zo daga Yamai, za ka ga wata lamba da milimita. Kaurin ciwon ke nan, zurfin da ya nutsa cikin fata, kuma shi ya fi faɗinsa muhimmanci. In bai kai milimita 1 ba, ana yanke shi da santimita 1 na lafiyayyar fata kewaye. In ya wuce milimita 2, santimita 2 ake ɗauka. Kada girman ramin ya tsorata ku, da gangan ne. Fatar diddige ba ta janyuwa a ɗinke, don haka sau da yawa a cinya ake ɗebo wata a lulluɓe wurin, kuma yana daɗewa bai warke ba. Kaluluwa kuwa ita ce zangon farko in ciwon ya kama hanya daga ƙafa, dole a leƙa ta. Na Turawa galibi rana ce ke jawo shi, a baya ko kafaɗa. Namu ya fi fitowa inda rana ba ta gani: tafin ƙafa, tafin hannu, ƙarƙashin farce.

Mai shago a Babbar Kasuwa: Ni ƙarin ruwan nan na ga an yi wa yayana shi, bari in faɗi yadda na gani. Nasa ya riga ya kai huhu, muka kai shi Tunis. Sunan maganin pembrolizumab, a kwali an rubuta Keytruda. Likitan can ya ce mana shi ba guba ba ne irin kimiyo, wato tsohon ƙarin ruwan daji mai zubar da gashi. Sojojin jikin mutum suna da birki don kada su afka wa mai su, shi kuma daji wayonsa ya taka masu birkin nan ya wuce abinsa. Maganin birkin yake saki. Duk sati uku, minti talatin a kujera, Yaya yana jan tasbaha, a cire allura mu koma masauki. Gashi bai zube ba, ko amai bai yi ba. Har na fara zargin ruwan banza suke saida mana.

Bayan na huɗu aka yi sikana, ƙulluttukan huhu sun ragu. Amma sojan da aka sake ba ya tambayar gidan wa zai shiga. Gudawa ta kama shi har aka dakatar da maganin wani lokaci, fata ta yi dabbare-dabbaren fari a hannu, aka kuma ɗora shi kan ƙwayar maƙoshi da zai riƙa sha kullum. Kuɗi kuwa, kowane zama sai an ambaci miliyoyin sefa, ban da jirgi da haya. Filinmu na Ali Ɗan Sofo ya tafi, motar Yaya ta bi shi. A na bakwai muka tsaya don aljihu ya ƙare. Ya ƙara shekara ɗaya da ƴan watanni, ya aurar da ƴarsa, sannan Allah ya karɓi abinsa. Ba na nadama. Amma da za a maida ni lokacin da abin yake ɗan tabo kamar ƙwayar wake, da ni zan riƙe wa likita fitila.

Baƙo daga Madarunfa: Namu tsohon ya ce ba mai yanka shi. Muka bi son ransa. Watannin ƙarshe sai da turaren wuta ake shiga ɗakinsa. Iyakar abin da zan iya faɗi ke nan.

Malamar jinya: Allah ya jiƙansu da rahama. Ɗan Bagalam, ƙanenka bai yi ƙarya ba, maganin gaskiya ne. A 2014 aka amince da shi a Amurka tare da ɗan'uwansa nivolumab, kuma binciken birkin nan ne ya ba James Allison da Tasuku Honjo kyautar Nobel a 2018. Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka, wanda ya yi yaƙi da kurkunu har ƙasarmu, nasa ya kai hanta da ƙwaƙwalwa a 2015, ya karɓi wannan ruwan, ya rayu har shekara 100. Amma shi ma sai da aka yanke na hanta aka gasa na kai. Ba kowa maganin yake wa aiki ba, kuma irin na tafin ƙafa bai cika jin sa kamar irin na rana ba. Ciwon da yake wuri ɗaya, wuƙa ce gaba.

Ɗan Bagalam: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na duba takardar, milimita 2,8 aka rubuta. Na karanta wa Baba duka bayan isha'i, ya yi shiru, sai ya tambaya ko zai iya taka ƙafar kafin shuka. Malama, me zan ce masa? Maman Biyu kuma, don girman Allah ko Hajiya za ta yarda ta zo gidanmu ranar Juma'a? Inna ba za ta ji tawa ba, amma in ta ga ƙafar da idonta wataƙila ta sauko.