Wai da gaske ganda da ƙafar sa suna gyara gwiwa?

Autar Mama:
Assalamu alaikum ƴan uwa dan Allah a taimaka min, mamanmu ce gwiwa ta sa ta a gaba, yanzu sallah ma a kujera take yi, in za ta miƙe har ji kake gwiwar tana ƙaras ƙaras. An yi hoto likita ya ce guringuntsin ne ya cinye, to sai maƙwabciyarmu ta ce a dinga yi mata farfesun ƙafar sa da ganda wai akwai wani sinadarin gina jiki da ake kira kolajin a ciki zai mayar da abin da ya cinye. Gaskiya ne?

Ɗan Zariya:
Wa alaikumus salam, Allah ya ba Mama lafiya. Akwai kolajin a ganda kam amma fa in an ci, ciki narkar da shi yake kamar kowane nama, ba wai zai wuce gwiwa kai tsaye ba. Shi guringuntsi saƙa ce ta zaren kolajin nau'i na 2 da wani sinadari agirikan mai riƙe ruwa kamar soso, kusan kashi 70 cikin 100 nasa ruwa ne, in ta taka ya matse in ta ɗaga ƙafa ya koma. Matsalar ba shi da jijiyar jini ko ɗaya shi ya sa in saƙar ta yage da ƙyar take gyaruwa. Ta ci farfesunta ba laifi, ki haɗa mata da lemo da gwaba don jiki ba ya iya ƙera kolajin sai da bitamin C.

Anti Nas:
Ƙanwata ki lura, in yatsun hannu biyu suna kumbura kuma da safe su sandare fiye da awa guda to wannan wani amosanin ne daban, garkuwar jiki ce ke cin gaɓar, sai an yi gwajin jini. Kuma dan Allah kar a yi ta ɗirka mata maganin kashe zafin ciwon nan diclofenac kullum, yana taɓa ƙoda yana kawo olsa. A kai ta wajen masu gashin ƙashi na asibiti su koya mata motsa naman cinya, shi ke ɗauke wa gwiwa nauyi, in tana da jiki ta ɗan rage.

Autar Mama:
Na gode wallahi. Yatsun lafiya lau, gwiwar dama ce kawai. Maganin kam kusan wata uku tana sha ba fashi, gobe in sha Allah zan koma da ita wajen likitan.