Wai Rumawa sun kafa barikin soja a kusa da Chadi?

Ɗan Kusiri: Salamu alaikum 'yan uwa. Kawuna ya daɗe yana tuƙa babbar mota tsakanin Faya a Chadi da Sabha a Libiya, kuma ya dage cewa Rumawa sun gina bariki har gefen Tafkin Chadi. Ni dai ban gamsu ba. Masu tonon kayan tarihi sun ga wani abu?

Malama Garwa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Ba su iso nan da gini ba, a Libiya suka tsaya. Akwai barikin Bu Njem, wanda aka gina a shekarar 201 miladiyya, zamanin Sarki Septimius Severus. Wani Bafaranshe, René Rebuffat, ya fara tono a wurin a 1967. Abin da ya fi burge ni ba ganuwar ba ce, fasassun tukwanen da sojoji suka yi rubutu a kansu ne da tawada: wane yana gadin ƙofa, wane yana gidan burodi, wane ba shi da lafiya. Wani ɓallin ma ya ce Garamantawa, mutanen hamadar kudancin Libiya na wancan zamani, sun iso da sha'ir a kan alfadarai 4 da jakuna 4. A gindin ganuwar kuma an tarar da ƙauye guda, da gidaje da wuraren bauta. Duk inda soja ke karɓar albashi, ai 'yan kasuwa sai sun biyo.

Baban Hajara, Marwa: Kamar unguwannin da ke zagaye da bariki a yau ke nan. Amma Malama, Ptolemy, masanin labarin ƙasa na zamanin Rumawa, ya rubuta cewa wani matafiyi mai suna Julius Maternus ya kai Agisimba, ƙasar karkanda. Wasu masana na ganin yankin Chadi ne.

Malama Garwa: Haka ne Baba, amma rakiyar sarkin Garamantawa ya yi, bai aza tubali ko ɗaya ba.

Ɗan Kusiri: To wa zai faɗa wa Kawu? Ba ni ba.